Na Guji Jirgi, Na Hau Mota

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ban leƙo nan ba, har wasu sun fara cewa na samu kuɗi na manta da mutane. Ba kuɗi ba ne, kwance nake.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni mai nutso ne. A kogin Yawuri na koyi ruwa, na je na yi kwas, Allah ya kawo ni gabar tekun gabashin Saudiyya ina walda da duba bututu a ƙarƙashin ruwa. Samarin da ke cika min akwatin saƙo da tambayar yadda ake shiga aikin sun san irin son da nake masa.

Matar Yayana ta haihu a nan Riyadh, inda yake tuƙin motar kayan gwari a kasuwar Aziziya. Ana gobe suna na yi nutso mai zurfi da safe. Duk mai nutso ya san ba a hawa jirgin sama bayan an fito, domin iskar da jini ya sha a ƙasa tana buƙatar lokaci ta fita. In ka yi sama da wuri sai ta zama kumfa a jiki. Saboda haka na hau bas, har ina yaba wa kaina da hankali.

Abin da ban taɓa kawowa a raina ba, Riyadh a kan tudu take. Hanyar shimfiɗe take a ido, amma hawa kake yi tun daga bakin teku. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kafin mu sauka kafaɗata ta fara ciwo kamar ana murɗa ƙusa a ciki. Ƙafar hagu ta ɗauki tsami.

Yaya ya dube ni ya ce sanyi ne, mutumin da ke wuni cikin ruwa ai dole. Aka dafa ruwa mai zafi, ya gasa min baya da tawul, ya murza ni da man zafi iya ƙarfinsa. Da ƙauna ya yi. Ni kuma da ya kamata in sani na yi shiru, don daɗin gashin nake ji. Ashe zafi da murza ƙara tayar da kumfar suke yi.

Da safe ana raɗa wa yaro suna a falo, ni ina ɗaki na kasa tashi. Fitsari ma ya ƙi fita.

A mustashfa, wato asibiti, aka ɗebi jini, aka yi hoton kai, ana neman shanyewar jiki. Wa zai yi tunanin ciwon teku a tsakiyar sahara? Sai da wata likita ta tambayi aikina. Ina faɗa mata ta ajiye biro ta sa aka ɗora min iskar oksijin nan take.

Aka mayar da ni wani asibitin mai camba, wato tukunyar ƙarfen da ake rufe mutum a matse shi da iska kamar yana ƙasan ruwa. A wurin aiki ni nake rufe wa wasu ƙofarta. Yanzu ni ake turawa a kan gado, da robar fitsari, kusa da wasu tsofaffi masu gyambon ciwon suga. Inshorar kamfani ta ɗauki camba, gashin ƙashi kuwa da ta gaji Yaya ne ya ci gaba.

Na ji tsoro ƙwarai. Amma gaskiya ba mutuwa nake tunani ba. Duk likitan da ya shigo tambayata ɗaya ce, yaushe zan koma ruwa. Su kuma su ce in fara tafiya tukuna.

Na fara. Da ƙarfe mai ƙafa huɗu, sannan sanda, sannan bango. Ranar da na je banɗaki da ƙafata Yaya ya fita waje ya yi kuka. Har yau yana cewa hannunsa ne ya nakasa ni, ni kuma ina ce masa ƙaddara ce, kuma ni ne mai takardar kwas ba shi ba.

Satin da ya wuce na je wurin likitan da ke sa wa masu nutso hannu. Na yi aski, na bar sandar a mota. Ya sa na rufe ido na tsaya da ƙafa ɗaya, ya bi tafin ƙafata da tsinken allura. Ban ji ba. Na so in ce na ji, amma ban san lokacin da ya taɓa ba.

Ya ce kumfar ta bar tabo a laka, in ta sake samuna ba lallai in tashi ba.

Na ce, "Ko da ruwa marar zurfi ne, Dakta?"

Ya ce, "Halas, ya akhi, kai da nutso an gama. Ka gode wa Allah da ƙafafunka."

Na gode masa. Amma zuciyata ta karye, ba zan ɓoye muku ba. Ban iya komai ba sai ruwa.

Ina godiya ga Allah, da Yaya da matarsa da ta yi jego da jinya a haɗe, da 'yan uwa na unguwar Batha da suka yi ta zarya da kwanukan abinci.

Masu son aikin nan, ban ce ku fasa ba, sana'a ce mai kyau. Ku yi kwas na gaskiya. Bayan nutso ku zauna inda kuke, ko jirgi ko mota kar ku yi sama. Duk ciwon da ya biyo bayan nutso kar a gasa, kar a murza, a tafi asibiti, kuma kalmar farko a bakinku ta zama aikinku.

Kafil, wato ubangidana a wurin aiki, ya ce in dawo in riƙa tsayawa a sama ina riƙe wa masu sauka igiyar iska. Na karɓa, don akwai iyali. Abin da ban sani ba shi ne yadda zan yi ranar da na ɗaura wa wani hular nutso, ya faɗa ruwa, ni ina tsaye a bushe. Ku sa ni a addu'a.