Keke a Birchi, Ƙoshiya a Kurfi

An sayar mini da keken ɗinki ba ƙoshiya a cikinsa, kuma duk gidanmu aka taru aka ce in yi haƙuri. Ban yi ba. Yau ma da nake rubuta wannan, ni da ban riƙe fensir ba sai da na yi furfura a ajin yaƙi da jahilci, ban ga abin haƙuri a ciki ba.

Karsana ɗaya uwata ta bar mini, ita na sayar. A shekarun nan, gab da a ba da mulkin kai, matan Birchi sun fara sa riga a kan zane, amma teloli duk maza ne. Mace ba za ta tsaya namiji ya gwada ta ba. Sai ta auna kanta da igiyar rama, ƙulli nan ƙirji, ƙulli nan kafaɗa, a kai wa tela Dutsin-Ma. Riga ta dawo, ko ta shaƙe wuya ko ta ci mutum biyu. Na ce ni mace ce, zan shiga har ƙuryar ɗaki in gwada kowa da hannuna. Malam, mijina, bai hana ba. Shi ba ya hanawa, ba ya kuma tsaya wa mutum. Shi ya je kasuwar Dutsin-Ma ya sayo wajen dillali, aka kawo a kan jaki.

Keken tsoho ne, baƙi, zanen ruwan zinariyar jikinsa ya kusa gogewa, inda ake dafawa ya yi fari don shan hannu. Igiyar fatar da ke juya shi ta tsinke an haɗa da waya. Na wanke shi lungu-lungu da kananzir da gashin kaza, baduku ya yanko mini sabuwar igiya. Na taka, ya amsa. Na zura zare, na sa ƙyallen akoko, allura ta yi ta shiga tana fita, ga huji a jere gwanin kyau. Na ja bakin zaren, sai ya zaro duka ya bar ni da huji.

Malam yana da ƙane mai koyon ɗinki wajen wani tela a Dutsin-Ma, ba shi da keken kansa. Da ya zo gida ya ja ɗan murfin ƙarfen da ke ƙarƙashin allura, ya leƙa, ya kama dariya.

"Matata, ina ƙoshiyar?"

"Wace ƙoshiya?"

"Ɗan ƙarfe ne kamar na masaƙa, tsawon ɗan yatsa. Ciki zaren ƙasa yake zama, shi ke kama na sama. In babu shi, ki taka har Makka ba ki ɗinka komai ba." Ya shafa keken kamar mai taya doki. "Ba ni shi in rage miki takaici. Rigar sallarki kyauta har ki mutu."

"Kai za ka riga ni, da wannan wuya naka kamar na zalɓe. Ɗauke hannunka."

Wasa ne tsakanina da shi, na matar wa da ƙanen miji, amma na ga idonsa. Ba da wasa yake kallon keken ba.

Daga nan ban sake zama ba. Na aika wa maƙerin garinmu, ƙanen Malam ya kwatanta masa, ya ƙero wani abu. Shi maƙeri bai yi ha'inci ba, ya goge shi har yana ƙyalli, amma duk allurar da na sa sai ta karye a kansa. Na tura Malam wajen mai gyaran kekunan hawa a Dutsin-Ma, ya ce wannan irin na da ne, sai Kano, Kano ma sai an dace. Na sake tura shi wajen dillali. Dillali ya rantse haka ya karɓo daga hannun magada, keken wani tela ne na Kurfi da ya rasu. Malam ya dawo ya ce mini, "To kin ji. Sai haƙuri."

Ina daka, hankalina yana kan keken. In ɗora tukunya in koma ɗaki in yi ta taka shi ba zare, ina huda ƙyallen nan ɗaya har ya zama rariya. Tuwo ya sha kamawa. Mata suka riƙa shigowa da atamfarsu a hammata, su zauna su kalli keken, su yi mini sannu kamar mai jinya, su fita da abinsu. Wata ta ce ko in sa malamai su duba, halan mai shi ne bai sake shi ba. Na ce mamaci ba ya cire ƙarfe, mai rai ne ya cire.

Ina da gwaggo mai aure a Kurfi. Bayan an gama cirar gyaɗa na ce wa Malam zan je gaishe ta, kuma na gaishe ta ɗin, a tsaye. Ita ta nuna mini gidan telan.

Matar marigayin na tarar ita kaɗai a tsakar gida tana tsince wake. Ta girme ni sosai, siririya, ta fita takaba ba da jimawa ba. Na yi mata gaisuwar rashi yadda ya kamata, sannan na ce, "Inna, ni ce na sayi keken."

Ba ta ɗago ba. "Kin sa mashi man gyaɗa?"

"Kananzir na sa, da ɗan man keke."

"Gara. Man gyaɗa danƙare shi yake." Ta watsar da wani ruɓaɓɓen wake. "In zai tashi yakan ɗan cije. Ba a tilasta mashi da ƙafa, da hannu ake ba shi hanya."

Nan na gane. Na kwance ƙoshiyar maƙeri daga bakin zanena na ajiye mata a faifai. Ta juya ta, ta yi 'yar dariya, ta ce wannan sai dai a rataya wa akuya. Sai ta sa hannu a lalitarta ta fito da ta gaske. Ƙarama, sumul, bakinta da tsini. Har na miƙa hannu. Ta rufe tafinta.

Ta ba ni labarin ba tare da ta ɗaga murya ba. Idon mijinta ya mutu tun da daɗewa, ba wanda ya sani sai ita. Aka dawo da keken cikin gida, aka ce wa mutane hayaniyar kasuwa ce ba ya so. Shi ke karɓar aiki a zaure, ita ke yankawa ta ɗinka a ɗaki, ya fitar a yaba masa. Ba su haihu ba. Da ya rasu, 'yan'uwansa suka zo da malamin rabon gado, aka sa keke cikin kayan mamaci. Ta ce ita ke aiki da shi, aka ce aiki daban, mallaka daban. Ranar da dillali zai zo ɗauka, ta zare ƙoshiyar.

Na ce, "Inna, an zalunce ki, na ji. Amma ba ni na zalunce ki ba. Karsanar uwata ce a cikin keken nan. Ki sayar mini."

"Ba ta sayarwa ba ce."

"To mi za ki yi da ita? Miya za ki kaɗa?"

"Ke mi kike yi da naki? Na ji an ce huji kike yi."

Ashe labarina ya riga ni zuwa Kurfi. Raina ya ɓaci, na miƙe. Ta ce, "Zauna, ɗiyar nan, kin cika wuta. Ko na ba ki, kin iya yanka hannun riga? Kin san yadda ake ɗaure zaren ƙasa kada ya yi tsutsa, ya cukurkuɗe a bayan ƙyalle? In kina son ki ga keken nan ya yi ɗinki, kawo shi nan. Ba sai da ƙafafun ba. Hannunsa na da, wanda ake juyawa kafin a sa mashi ƙafa, yana ƙarƙashin gadona, magada ba su san ko na mene ne ba. In ɗinka, ki koya. Ran da na ga kin iya, sai mu yi magana."

"In ɗauko kayana in kawo miki ɗaki? Ran da 'yan'uwan mijinki suka gan shi fa?"

"Sun sayar, sun ci. Naki ne, kowa ya sani. Ni ƙoshiya gare ni."

Na fita ban yi mata sallama mai kyau ba. Duk hanyar Birchi ina faɗa da ita a zuci. Tsohuwa ta riƙe abin da ba zai amfane ta ba, ta ce kuma ni zan bi ta.

Na iso da la'asar na tarar an fito da keken daga ɗakina, yana zaure, an ɗaure ƙafafunsa da igiya. Malam da ƙanensa suna zaune a gefe. Malam ya ce sun yi shawara. Maigidan yaron yana da wani mataccen keke irin wannan, za a cire ƙoshiyarsa a sa. Sharaɗin tela ɗaya ne, keken ya zauna a rumfarsa, ƙanen Malam ya riƙa aiki da shi. Gobe da hantsi za a kai.

Na ce, "Malam, da wa kuka yi shawarar?"

"Ai taimakonki ake. Za ki riƙa samun ɗan wani abu."

Ƙanen ya ce, "Matata, kada ki damu, in kin zo kasuwa zan bar ki ki taɓa shi."

Na galla masa harara, shi ma ya ga ba ranar wasa ba ce. Na tsaya ina kallon inda hannun matar nan ya cinye baƙin fenti. Ita ma haka aka yi mata, a zaure, maza suna zaune. In keken nan ya shiga rumfar kasuwa, na san ba zai sake shiga ɗakin mace ba, matan Birchi kuma su ci gaba da ƙulla igiyar rama. Wajen tsohuwa kuwa, ko ba komai, ni zan zauna kusa da shi.

Da asuba, suna masallaci, na ɗauki wuƙar yankan kuɓewa na shiga zaure. Na zame igiyar fatar, na kwance ƙusoshin da suka riƙe kan keken da teburinsa, na naɗe shi a tsohon zane, na yi gammo. Ya fi tulu cike nauyi. Na bar musu ƙafafun a ɗaure yadda suka ɗaure su, na gaya wa maƙwabciyata ta faɗa wa Malam ina gidan gwaggo, kuma kan keken na ɗauka, nawa ne. Sannan na kama hanyar Kurfi.