Ranar da Kawu Ilu ya tare matakalar bene

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyata, manomi a Ketare. Shan inna ya cinye masa ƙafafu tun yana yaro, don haka da rarrafe yake noma, amma rumbunsa bai taɓa jin kunya ba. Bakinsa kuwa, Allah ya gafarta masa, ya fi fartanyarsa kaifi.

Lokacin da kuɗin man fetur suka shigo, aka gina wani ofishi mai bene a Kankara, a sama ake rubuta sunayen manoman da za a ba takin zamani. Ni na kai Kawu a keke. Malamin ofishin ya leƙo ta taga, ya ce taki na manoma ne, masu neman taimako su dawo ranar Juma'a. Wallahi ni sai da idona ya kawo ruwa. Damina ta kankama, ranar kuma za a rufe rajista.

Kawu ya sauka daga keken. Ya rarrafa ya miƙe a kan matakalar farko, ya yi matashi da hularsa. To, a wurinmu ba a tsallake mutum, balle mai furfura. Na ƙasa suka kasa hawa, na sama suka kasa sauka. Azahar ta yi, ga famfo da bayan gida duk a ƙasa, malamin nan kuma tun safe yake ɗirkar shayi. Sai ga shi da buta yana matse ƙafafu.

"Baba, don Allah a ɗan gusa."

"Ai gurgu ne ni, Malam, mi zan gusa da shi? In manomi ne, da tuni ya tashi."

A tsugune malamin ya rubuta sunan Kawu, mutane na ta dariya.

Yau an ce doka ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya. Kwanaki na ga wani ofishi an yi musu gangaren hawa da keken guragu, amma an jera tukwanen furanni a kai. Da Kawu na nan, na san da ya tambayi ko furannin ma guragu ne.

Gonarsa an raba, rumbun ya rushe. Abin da ya rage shi ne 'yar maƙwabcinsa, gurguwa, da ta ga abin ta ƙi zama gida, har ta zama malamar makaranta a Faskari. Ina kewarsa ƙwarai. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa shi a gidan da ba a tambayar mutum da me ya iso.