Kalar da Na Zaɓa wa Kawu

Jiya na shiga shago saya wa ɗiyata kalar ruwa da burushin zane, sai Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya faɗo mini a rai. Shi ba ya sayen burushi sai ya tsoma shi a ruwa ya yarfe. In bakin bai haɗe ya yi tsini ba, mayarwa yake.

Zuwanmu Ƙonni na ƙarshe, tafkin Kalmalo yake son zanawa. Muka shiga wani shagon kayan zane mai ƙamshin sabuwar takarda. Ya shafa wata mai kauri da yatsa, ya ce ta yi. Sannan ya ɗauki kala ya kai ta dab da idonsa, ya daɗe yana dubawa.

"Hadiza, wagga shuɗiya ta ko koriya?"

Na dube shi da mamaki, don shi ya koya mini launuka.

"Kawu, mi yas samu idonka?"

"Kak ki gaya ma kowa. Zaɓo min mai kama da ruwan tabki."

Na zaɓa masa. Rabin tafkin ya zana, kafin damina ta fita ganinsa ya tafi.

Allah ya haskaka makwancinsa, ya buɗe masa idanu a Aljanna ya ga korayen lambunanta.