Yaji Mai Hannun Ya Falmata

'Yan gidanmu, saura kaɗan yaji ya ja min kamu yau!

Na sayo yajin kwalba kala uku a wani kanti a Gamboru, muka zauna da ƙanwata Yagana muna gwadawa da dafaffen dankali. Na farko gishiri zalla. Na biyu zafi kawai. Na uku ko suna babu a jikinsa. Yagana tana lasa ta zaro ido.

"Yaya, wannan hannun Ya Falmata ne! Ji kimbar!"

Maƙwabciyarmu ta Konduga fa, wadda ba mu ji ɗuriyarta ba tun da aka tarwatsa garin!

Na koma kantin a guje. "Malam, wa ke kawo maka wannan?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke wace ce? Wa ya turo ki? Zan kira 'yan sintiri!"

Na yi ta rantsuwa ni 'yar Bintu ce, maƙwabciyar mai yajin a Konduga. Can ya juya baya ya buga waya ƙasa-ƙasa, ya miƙo min.

Muryarta ce, wallahi! Ta ce, "In 'yar Bintu ce ke, faɗi sunan akuyarku mai cin zani."

Sunan ya kwanta min. Ta kashe wayar!

Don Allah, wa ya tuna sunan akuyar nan? Ina tsaye a kantin!