Sunan da Inna ba ta faɗa

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Ke" take ce mini, in kuma da ƙannena take magana, "yayarku". Na san kunya ce, ba ƙi ba, amma sanin bai hana abin yi mini ciwo.

Ina aiki da wata ƙungiyar masunta da masu banda a Yelwa lokacin da shugabanninmu suka ce za a samar mana da ƙirƙirarriyar basira, na'urar da mace za ta tambaya ta waya da Hausa, ta ba ta shawara kan gyaran kifi. Malamar da ta zo koya mana ta ce na'ura ba ta cin ɗanye. Bayanai haja ne: a tsince, a ware, a san mai su da wanda zai amsa in sun lalace. Ni da na girma cikin hayaƙin banda, wannan bai zame mini sabon karatu ba. Wa ke kai kifi kasuwa da hanjinsa?

Aka ba ni aikin naɗar muryoyin mata, na fara da gida. Inna na juya tarwaɗa a kan ragar banda tana bayani: icen da ke sa kifi ɗaci, yadda ake gane ƙwaro ya shiga kwando tun kafin a buɗe, abin da ya sa kifin damina ba ya jure ajiya. Muryarta ta fara rawa saboda tsufa, shi ya sa nake gaggawa.

Sai malamar ta dawo mini da su duka. Ƙa'ida ita ce kowace mai magana ta faɗa da bakinta cewa ta yarda, ta kuma ambaci sunan wanda ta damƙa wa amanar muryarta. In babu wannan, za a goge. Raina ya ɓaci, na yi ta mita, alhali na san gaskiyarta. Kayan da ba a san hannun da ya fito ba, ba a saye.

Na sami Inna a bakin murhu na yi mata bayani.

"Ita na'urar ba ta san kunya ba?" in ji ta. "Ki ce mata ɗiyata ta."

"Inna, ɗiyanki mata huɗu ne."

"To, a kira ƙanwarki ta riƙe wayar."

"Ita ba ma'aikaciya ba ce. In ba ki faɗa ba, duk abin da kika koya wa na'urar ya tafi."

Ta yi ta gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Har na fara mayar da wayar jaka, na ce a raina ba zan matsa wa tsohuwa ba saboda na'ura.

"Kunna," ta ce.

Ta juya mini baya, ta fuskanci katanga, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta ce ta yarda. Sannan a hankali, kamar mai ɗauko ƙwai, ta faɗi sunana, cikakke, yadda aka raɗa mini shi. Ashe ta iya. Daɗi ya kama ni har na kasa kashe wayar.

"Kin kashe?" ta tambaya, ba ta juyo ba. "To ke, miƙo min tiren can."