Hannun Dama, Kunnen Hagu

A zamanin da muka taso a Fanshekara, ba a tambayar takardar haihuwa in za a sa yaro a makarantar boko. Wa ma yake da ita? Hedimasta ne zai tsayar da kai, ya ce ka ɗora hannu ta saman kanka ka kamo kunnen ɗaya ɓangaren. In ka kamo, ka isa shiga aji ɗaya. In ba ka kamo ba, sai baɗi. Ni ranar da aka kai ni, kafin ya rufe baki na cafke nawa, don har yau zaƙo-zaƙon hannuwa gare ni. Ɗan autanmu ne abin ya zame wa tashin hankali.

Shan-inna ce ta taɓa shi tun yana rarrafe. Allah ya taƙaita, ta bar masa ƙafafu, amma hannun damansa ya tsotse, ba ya wuce kafaɗa, yatsun kuma a lanƙwashe. Komai da hagu yake yi, har cin tuwo. Baƙo zai daka masa tsawa, "Kai, da dama!" sai ya lura da hannun, kunya ta rufe shi.

Babanmu a masaƙa yake aiki, a Challawa. Kullum zai dawo a kan keke, gemu da gira fari fat da ƙurar auduga, yana magana da ƙarfi saboda ƙarar injina ta cinye masa kunne. Shi ya sa ranar da ya so yin magana a asirce da Iya, mahaifiyarmu, har maƙwabta sun ji.

"In ba su ɗauke shi bana ba, gida zan kai shi wajen tsohuwa, ya riƙa duba mata awaki. A garin nan me zai yi? Wane kamfani ne zai ɗauki mai hannu ɗaya?"

Ba mugunta ba ce, Allah ya jiƙansa. Mutum ne da ya ga inji ya ci yatsun masu hannu biyu lafiyayyu. Iya ta ce, "Malam, ku bar mini shi zuwa lokacin ɗaukar." Ni kuwa da ba a sa da ni ba, na ce wallahi duk motar da ta ɗauke shi sai na bi ta da ƙafa har ƙauyen. Na sha ranƙwashi, amma dai na faɗi tawa.

Iya ta fara da ruwan ɗumi da man shanu, tana cewa ɗaga, ɗaga. Ina! Auta akwai taurin kai. Da ya ji zafi sai ya ɓare baki, ya cusa hannun cikin riga.

Ana cikin haka sai ga Kawu, ƙanin Iya, wanda yake tuƙa wani ɗan Indiya a Bompai. Mutanen za su koma ƙasarsu, suka zubar da tarkacen yaransu, shi ne ya tsinto mana wani faffaɗan littafi mai hotuna masu launi. Bangon ya yage, rubutun kuma ba boko ba, ba ajami ba, baƙaƙen suna reto a jikin layi kamar shanya a igiya. Duk layinmu aka rasa mai karantawa. Auta kuwa ya mace a kan hotunan. Ga biri a kan bishiyar mangwaro, ga yarinya tana shirya furanni a zare, ga giwa a cikin kogi.

Ya kai hagu zai buɗe, Iya ta janye littafin.

"A'a. Wannan ba ya buɗuwa da hagu. Hagu na taɓa shi, birin zai gudu, sai dai ka ga farar takarda."

Ya dube ta, ya dubi birin. Ya daɗe yana fama kafin 'yan yatsun nan su tsinko gefen shafin, amma suka tsinko.

Daga ranar muka shiga karatu. Ni ce mai karantawa, tunda ni ce 'yar aji uku. Sai in gyara murya, in bi layin da yatsa, in yi ta zuba Indiyancin ƙarya irin wanda nake ji a bakin samarin da suke dawowa daga silima. Iya ta karkata kai kamar mai fahimta, sannan ta fassara: "Wai birin ya ce yunwa yake ji, ga shi ya ji ciwo a hannu, wa zai tsinko masa mangwaro?" Mangwaron kuwa kwarkwaron zare ne na kwali, irin wanda ake zubarwa a masaƙa in zaren ya ƙare. Iya ta rataye su a igiyar shanya, ta sassauto ta daidai ƙirjin Auta. Ba a juya shafi sai ya tsinke su duka. Abin da bai sani ba, duk bayan 'yan kwanaki takan ɗan ƙara ɗaga igiyar da gwafa.

Shafin yarinya mai furanni shi ya fi ba shi haushi. Ni nake yawon tsinto marafan kwalbar lemo a bakin shaguna, in huda su da ƙusa, shi kuma ya zura su a zare. Ya cije leɓe, ya yi gumi, wani lokaci ya watsar da su ya ce ya fasa. Iya ba ta lallashi. Rufe littafin kawai take yi, ta ce, "To, yarinya ta tafi biki ba sarƙa." Ba a jimawa za ka gan shi yana tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Amma wankan giwa shi ne sarkin wasannin. A hoton, giwar ta lanƙwaso hancinta ta saman kai tana fesa wa kanta ruwa. Iya ta ba shi ɗan ƙaramin ludayi, ta ce hannunsa ne hancin, kuma kunnen hagu ne ya fi dauɗa. Gidan haya muke, ɗaki-ɗaki, don haka kafin ka ce kwabo yaran gidan duk sun zama giwaye, kowa da ludayin uwarsa. Wata maƙwabciyarmu 'yar Damagaram ta yi ta sababi a kan ruwan da take sha wahalar ɗebowa, amma da ta gane inda aka dosa, da kanta take ajiye mana rabin bokiti.

Kai, ina kewar tsakar gidan nan. Jiniyar kamfani ta busa, a san masu aikin safe sun tashi, titi ya cika da kekuna, iska ta kwaso warin majema daga bakin kogi, mu kuma muna jiƙe sharkaf muna ihu. Yau in na bi ta wajen, yawancin ƙofofin kamfanonin nan a garƙame suke, ciyawa ta cinye harabar. Baba yakan tsaya a bakin ƙofa riƙe da kekensa yana kallonmu. Sai ga shi kwarkwaron da yake ƙunso mana a bayan keke ya ƙaru.

Da lokaci ya matso, hannun yana hawa har tsakar ka, amma tsakanin yatsa da kunne akwai sauran tazara. Na auna da idona, na ga da sauran aiki.

Ranar ɗauka, Baba ya yi musanyar aiki da wani abokinsa, ya ɗora Auta a keke, ni ina biye. Iya ba ta fita da rana, ta rako mu iyakar soro. A makaranta an jera yara a gindin darbejiya, hedimasta yana kan kujera, wani malami yana rubuta suna. Da layi ya zo kanmu, hedimasta ya kalli hannun, ya kalli Baba, ya sassauta murya.

"Ba komai, yaro. Yi da ɗayan."

Jama'a! Ashe da hagu ma ana yi? Wata da watanni muna fama, babu wanda wannan ya taɓa faɗo wa a rai, don a wajenmu wa zai tsaya gaban babba ya ɗaga masa hagu? Na ji Baba ya sauke ajiyar zuciya. Ya ce, da muryar nan tasa da ba ta san ƙasa-ƙasa ba, "To ka ji, yi da hagun mu tafi."

Auta ya mayar da hagun baya, ya damƙe ƙugun wandonsa da ita.

"Iya ta ce da dama."

Ya fara ɗagawa. Hannun yana rawa, ya wuce kafaɗa, ya hau kai, ya tsaya. Wasu yara suka fara dariya, na juya na zabga musu harara, suka haɗiye ta. Jijiyar wuyansa ta miƙe, idonsa ya kawo ruwa. Yatsan tsakiya ya riƙa jan jiki a kan ƙwaryar kan nan da aka aske jiya, kaɗan-kaɗan, har ya maƙalo saman kunnen. Ya riƙe, ya ƙi saki.

Hedimasta ya ce wa malamin, "Rubuta shi." Baba ya juya mana baya yana fyace hanci, wai ƙurar auduga ce.

Ban nemi izinin kowa ba, na zura da gudu sai gida. Iya tana nan a soro inda muka bar ta, da mayafi a ka.

"An ɗauke shi! Iya, an ɗauke shi!"

Na zaci za ta rangaɗa guɗa. Sai ta riƙe kafaɗata, ta ce, "Da wanne ya kama?"

"Hedimasta cewa ya yi ya kama da hagu."

Sai ta saki kafaɗata.

"Amma ya ƙi, Iya. Ya ɓoye ta a baya, ya ce ke kin ce da dama. Da dama ya kama."

Iya ta sulale ta zauna a ƙasan soron, ta ja mayafi ta rufe fuska. Matar da ko lokacin ciwon nasa ban ga hawayenta ba, ranar kuka ta yi har kafaɗunta suna girgiza. Na tsaya a kanta na rasa abin yi, sai ni ma na zauna kusa da ita.