Tanti Rabi da Turawanta

Da safen nan Baba ya dawo daga masallaci ya tsaya a ƙofar ɗakina. Wai Tanti Rabi ta rasu jiya a Maraɗi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.



Ga waɗanda ba su san ta ba, 'yar kasuwa ce. Takan zo nan Guangzhou, ƙasar Sin, sarin takalma, Baba ke yi mata shipping, wato aika mata kayan gida. Faransanci take ji, ba ta jin yaren Sin, shi ya sa nake raka ta kasuwar Zhanxi Lu in yi mata tafinta. Wai tafinta! Ni da muryata ba ta fita, ita ke ƙarasa cinikinta da kalkuleta, tana ce wa mai shago "laoban, haba mana."

Kullum da littafin soyayya na Turanci a jakata. Burina in yi karatu a Ingila. Baba ya ce a'a, kunyata ta yi yawa, Turawa za su taka ni.

Lokacin Olympics muna cin abinci a wani shagon Musulmi, ta zare littafin daga hannuna ta ƙare wa Baturen da ke bangon kallo.

"Ɗiyata, wannan kyakkyawan ba ya Landan. Na duba."

Na yi dariya har na ƙware.

Ta zaga Turai da harkar kaya. Ta ce mutumin Italiya zai ja ki gidansa ya cika ki da taliya, in kuma bai so ki ba, a tsakiyar titi zai gaya miki. Bafaranshe yana son ki, amma sai kin zama shi: ki gyara harshe, ki rage mayafi. Na Ingila kuwa ke za ki taka shi, shi zai ce sorry. Ba ruwansa da hijabinki. Sai dai ku shekara kuna maƙwabtaka ba ki ga falonsa ba, balle ki san abin da ke ransa.

Na ce to su wa suka fi?

"Ko'ina akwai na kirki, akwai na banza. Ke mai noƙe-noƙe, Ingila ba mai takura miki. Amma in ba ki fara gaisuwa ba, ba wanda zai fara."

Zuwanta na ƙarshe ta kawo mana kilishi, ta zauna gaban Baba.

"Alhaji, yarinyar da ta iya zaman Sin, ina zai gagare ta?"

Baba ya ci gaba da cin kilishinsa. Da za ta tafi ta miƙo mini takalmi sau-ciki, ya ɗan yi mini yawa. Ta ce na sa safa ne, Ingila ƙasar ruwan sama ce.

Ɗazu, bayan ya gaya mini rasuwar, Baba ya juya zai tafi, sai ya tsaya. Ya ce in nemo bayanin makarantar nan ta Ingila mu duba tare.

Ina kuka, amma raina a kwance yake. Ta yi zama lafiya da kowa.

Allah Ya gafarta miki Tanti, Ya haskaka kabarinki, Ya ba 'ya'yanki haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa ta cikin addu'arsa, ko bai san ta ba.